Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Kwamitin Paralimpik Na Duniya: Ku Mayar Wa Su Barbara Abin Da Aka Karɓe Bayan Sidni

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Kwamitin Paralimpik na Duniya, Andrew Parsons, da sauran mambobin hukumar gudanarwa da ke birnin Bon na ƙasar Jamus.

Ranku ya daɗe,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kuna lafiya. Ni yaya ne ga wata yarinya mai raunin fahimta wadda ta riƙi gudu hannu bibbiyu, kuma yau shekara shida ke nan ni ne mai riƙe mata agogo a bakin fili. Ba ni da kujera a wata hukumar wasanni, babu kuma wanda ya aiko ni. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne wata mata 'yar ƙasar Folan da ban taɓa gani ido da ido ba, Barbara Bieganowska-Zając, da kuma wani bashi da nake ganin har yau kwamitinku bai gama biyan ta ba, ita da duk masu irin lalurarta.

Bari in tuna muku ko wace ce, ko da yake sunanta na nan cikin littattafanku. A watan Satumban 2024, a gasar Paralimpik ta Paris, wato babbar gasar wasannin masu naƙasa ta duniya, a filin Stade de France, ta lashe zinaren tseren mita 1,500 na mata a rukunin T20, wato rukunin da kuka ware wa masu raunin fahimta. Shekarunta 43 a ranar. Ta gama cikin minti 4 da daƙiƙa 26. Mita 1,500 zagaye uku ne da kashi uku cikin huɗu na filin tsere, ke nan kowane zagaye ta cinye shi a kimanin daƙiƙa 71, babu tsayawa shan iska. Duk wanda yake ganin abu ne mai sauƙi, ya ɗaura takalmi ya gwada zagaye ɗaya tak a wannan saurin, sannan ya saurari ƙirjinsa.

Wannan shi ne zinarenta na biyar a gasar Paralimpik. Na farko ta ɗauko shi a Sidni a 2000, a tseren mita 800, tana 'yar shekara 19. Sauran huɗun duk a mita 1,500 ne, kuma a jere: Landan 2012, Riyo 2016, Tokiyo da annobar korona ta tura zuwa 2021, sai Paris. A Riyo har ta haɗa da tagulla a mita 400, tseren da ba shi ne nata ba. A Landan, tana da shekara 31, minti 4 da daƙiƙa 35 ta yi, wato gudun da ta yi a Paris bayan shekara 12 ya fi wancan sauri da kusan daƙiƙa 9. Mai duba kundin tarihi zai iya ɗauka mata uku ne daban-daban, domin a Sidni sunanta Bieganowska, a Landan da Riyo Niewiedział, a Tokiyo da Paris Bieganowska-Zając. Mace ɗaya ce, ta shekara 24 tana gaban takwarorinta.

To amma ku sake karanta jerin nan a hankali. Daga 2000 sai 2012. Ina Atina 2004? Ina Beijin 2008? Ba kayar da ita aka yi a can ba, layin ma ba a bar ta ta hau ba. Tana da shekara 23 lokacin gasar Atina, 27 lokacin ta Beijin, kuma duk mai horar da 'yan tsere zai gaya muku a waɗannan shekarun ne mai gudun matsakaicin zango yake kan ganiyarsa. Ƙafa ba ta jiran kowa. Shekarun da suka fi tsada a rayuwar wannan baiwar Allah sun wuce ƙofar Paralimpik tana rufe a fuskarta, saboda laifin da wasu maza suka yi a wani wasa daban, ƙarƙashin tutar wata ƙasa daban.

Kun fi ni sanin labarin, amma zan faɗe shi saboda masu karanta wasiƙar nan. A Sidni, tawagar ƙwallon kwando ta Sifaniya ta doke Rasha da ci 87 da 63 a wasan ƙarshe na masu raunin fahimta, ta ɗauki zinare. Ba a jima ba sai ɗaya daga cikin 'yan wasan, Carlos Ribagorda, ya fito ya ce shi ɗan jarida ne, lafiyarsa ƙalau, kuma babu wanda ya taɓa yi masa gwajin kirki. Bincike ya nuna 10 daga cikin 'yan wasa 12 ba su da lalurar da aka ce suna da ita. Aka karɓe lambobin, har da na mutum biyun da ke da lalurar da gaske, waɗanda ba su ci ba ba su sha ba. A 2001 kwamitinku ya dakatar da ƙungiyar da ke kula da wasannin masu raunin fahimta ta duniya, wadda yanzu ake kira Virtus, kuma da wannan aka rufe wa 'yan wasanta baki ɗaya hanyar neman lamba a Paralimpik: masu gudu, masu ninƙaya, masu ƙwallon tebur, na kowace ƙasa.

Shi kuwa jagoran hukumar Sifaniya da aka samu da laifin, Fernando Martín Vicente, sai a 2013 kotu ta yanke masa hukunci. Tarar Yuro 5,400, da umarnin ya mayar da kuɗin tallafin da aka karɓa. Ku ɗora wannan a sikeli ɗaya, ku ɗora gasar Paralimpik biyu na Barbara a ɗayan. An bar jaki ana dukan taiki. Masu lafiya ne suka shirya zambar, masu lafiya ne suka sa hannu a takardu, masu lafiya ne suka kasa dubawa, sannan aka ɗauki sandar aka sauke ta a kan mutanen da aka yi sata da sunansu, waɗanda kuma su ne mafi ƙarancin iya tsayawa gaban makirufo su kare kansu. A watan Disamban 2006 Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da yarjejeniyar haƙƙin masu naƙasa, wadda sashenta na 30 ya tabbatar musu da haƙƙin shiga wasanni kamar kowa. A ranar da aka amince da ita, ƙofar Paralimpik tana kulle ga mata irin Barbara, kuma ta ci gaba da zama a kulle har kusan shekara uku bayan nan.

Ba zan hana ku abin da kuka cancanta ba. Na san ba wannan shugabancin ne a kan kujera ba a lokacin, na kuma san dakatarwar ba don ƙiyayya aka yi ta ba. Raunin fahimta ba ya nuna kansa kamar yadda yankakkiyar ƙafa ko makanta ke nunawa, kuma a wancan zamani babu wata tsayayyiyar hanyar tantancewa. An yi aiki mai kyau a tsakani, musamman a jami'ar Luven ta Beljiyam, inda masana suka zauna suka auna yadda wannan lalura take taɓa wasa kansa. Yau ɗan wasa ba ya shiga T20 sai an tabbatar makinsa a gwajin basira bai wuce 75 ba, an tabbatar yana da cikas na gaske wajen tafiyar da al'amuran yau da kullum, an tabbatar lalurar ta faro tun yana tasowa, sannan a yi masa gwaji na musamman a kan wasan da yake yi, a kuma sa masa ido a cikin gasa. Da wannan ne babban taronku na Kuwala Lumfur ya buɗe ƙofa a watan Nuwamban 2009, aka dawo a Landan 2012. Madalla da wannan.

Sai dai ƙofar da kuka buɗe ba ita ce wadda kuka rufe ba. Wadda aka rufe babba ce, wadda aka buɗe kuwa sai mutum ya karkata kafin ya shige. A Sidni, wata 'yar Ostireliya mai suna Lisa Llorens ta ci zinare uku a rukunin nan, a mita 200 da dogon tsalle da tsallen sama, ta haɗa da azurfa a mita 100. Sidni ce gasarta ta Paralimpik ta ƙarshe. Da a ce yarinya mai irin baiwarta ta je Paris a 2024, uku daga cikin wasanni huɗun da Lisa ta ci lamba a cikinsu ba za ta tarar da su ba sam. Ita kanta Barbara, mita 800 da ta fara ɗaukar zinare a cikinsa bai dawo ba. Ƙwallon kwando bai dawo ba. A Landan abu uku aka ba 'yan T20 a fagen guje-guje da tsalle-tsalle: mita 1,500, dogon tsalle da jifan dalma. A Riyo aka ƙara mita 400. Daga nan har Paris shiru. Huɗu na maza, huɗu na mata, takwas ke nan cikin zinare 164 da aka raba a wannan fage a Paris. A gasar baki ɗaya kuwa, cikin wasanni 22, uku kacal aka yarda su shiga. Masu bincike sun fi ƙiyasta cewa kimanin mutum 1 cikin kowane 100 a duniya yana da raunin fahimta, wasu ma na kai ƙiyasin sama da haka. Ko da mafi ƙarancin aka ɗauka, ana maganar mutum wajen miliyan 80.

Lissafi a takarda ba ya ciwo, shi ya sa zan gaya muku yadda abin yake a bakin fili. Ƙanwata tana da tashi. Ana buga bindiga, kafin sauran su ɗaga kai ta yi gaba. Mita 100 da 200 su ne nata, duk wanda ya gan ta ya san haka. Ranar da mai horar da ita ya zaunar da mu ya ce in har tana mafarkin Paralimpik to babu tseren da ya gaza mita 400 a rukuninta, dole muka juya akalarta. A nan na ga abin da masana suka rubuta da idona. Takan fita da dukkan ƙarfinta kamar mita 100 za ta yi, in ta kai wajen mita 250 sai ƙafafu su yi nauyi, kafaɗu su haye kunnuwa, ta ƙarasa tana jan jiki. Na ce mata ta rage gudu a farko ya fi sau ɗari. Ta ce to, yaya. Gobe ta maimaita. Ba taurin kai ba ne. Ajiye ƙarfi yanzu saboda abin da zai zo bayan daƙiƙa arba'in lissafi ne, kuma irin wannan lissafin ne ainihin inda lalurarta take.

Daga ƙarshe muka samo ƙyallaye huɗu masu launi daban-daban muka jera a gefen fili, ɗaya a kowane mita 100. Kore, ki tashi. Shuɗi, ki saki kafaɗa. Rawaya, ki riƙe abin da kike da shi. Ja, ki zubar da duk abin da ya rage. Wata takwas muna kan haka, har wata safiya ta wuce shuɗin ƙyalle na ga kafaɗunta sun sauko da kansu ban ce uffan ba. Na manta ban danna agogo ba a ranar, hawaye ne suka cika mini ido. Kuma duk wannan rabin aiki ne, domin a ranar gasa babu wanda zai shimfiɗa mata ƙyalle. Dole launukan su koma cikin kanta.

Shi ya sa in na kalli Barbara nake ganin abin da mai kallon talabijin ba ya gani. Shi yana ganin mace mai ƙafa biyu da hannu biyu tana gudu, har ya tambaya me take yi a gasar naƙasassu. Ni kuwa ina ganin zagaye kusan huɗu na yanke shawara a cikin gudu: yaushe za a bi wadda ta ƙara wuta, yaushe za a ƙyale ta ta ƙone kanta, ta ina za a fita in an matse ki a layin ciki, nawa ya rage a jiki lokacin da ƙararrawar zagayen ƙarshe ta kaɗa. Ta yi wannan a manyan filaye cike da ihu, ta yi nasara sau huɗu a jere, a gaban gwanaye irin su Ilona Biacsi ta Hungari da Liudmyla Danylina ta Yukiren da suka sha bin bayanta. Ban san irin ƙyallayen da aka shimfiɗa mata tana yarinya ba, amma na san an shimfiɗa, na kuma san shekarun da hakan ke ci.

Ba ita kaɗai ba ce. 'Yar ƙasarsu Karolina Kucharczyk ta ci zinaren dogon tsalle a Landan da Tokiyo da Paris, da azurfa a Riyo, kuma ta taɓa tsallake mita 6.21. Dogon tsalle kuwa ƙidayar taku ne tun daga nesa har ƙafa ta sauka daidai kan katako, ƙetare shi da faɗin farce ya ɓata komai. Abdul Latif Romly na Malesiya ya yi mita 7.60 a Riyo. Ba'amurken nan Michael Brannigan, a watan Agustan 2016, ya gudu mil guda, wato mita 1,609, cikin minti 3 da daƙiƙa 57, ya zama ɗan T20 na farko da ya sauka ƙasa da minti huɗu. Ben Sandilands na Birtaniya ya kafa tarihin duniya a mita 1,500 a Paris da minti 3 da daƙiƙa 45.40. Masu jifan dalma na wannan rukuni nauyin da 'yan Olimpik ke jefawa suke jefawa, kilo 7.26 ga maza, kilo 4 ga mata, ba a rage musu ko giram ɗaya. Mutanen da suka yi wannan da wasanni huɗu, me za su yi in aka ba su takwas?

Akwai kuma maganar da ta fi ci mini rai, ita ce ta Muhammad Ziyad Zolkefli. Ɗan Malesiya ne, ya ci tagulla a jifan dalma a Landan, ya ci zinare a Riyo. Ranar 31 ga Agustan 2021 a Tokiyo ya jefa mita 17.94, nisan da babu wanda ya taɓa kai wa a rukuninsa. Bayan an gama aka soke jifan, aka rubuta shi a matsayin wanda bai fito ba, shi da Todd Hodgetts na Ostireliya da wani ɗan Ikwado, saboda sun makara da minti uku wajen isa ɗakin da ake tara 'yan wasa kafin a shigar da su fili. Uzurin da aka gabatar shi ne ba su ji sanarwar ba, ko kuma an yi ta da harshen da ba su gane ba. Alƙali ya ce uzurin bai isa ba, aka ɗaukaka ƙara, aka yi watsi da ita. Zinare ya koma hannun Maksym Koval na Yukiren da mita 17.34. Koval ba shi da laifi, shi ma gwarzo ne, kuma zagin da aka riƙa yi wa 'yan Yukiren a intanet bayan nan abin kunya ne. Doka ma ba na cewa a karya ta. Tambayata ita ce wa aka rubuta wa dokar, kuma wa aka yi wa sanarwar?

Na san irin wannan ɗakin. A wata gasa da ba zan ambaci sunanta ba, an hana ni shiga da ƙanwata, aka ce 'yan wasa kawai. Ta ramin waya nake hango ta tsaye riƙe da takalman gudunta a hannu, lasifika tana ta kiran lamba. Lambarta ake kira, wadda ke manne a ƙirjinta, amma ita sunanta take jira ta ji, domin duk inda muka yi atisaye da suna ake kiran ta. An kira sau biyu. Ina ɗaga hannu ba ta gani. Wani dattijo cikin jami'an ne ya lura da ita, ya matso ya duba ƙirjinta, ya ce yarinya ke ake nema, ya kama hanya da ita. Da bai ɗaga kai ba, da atisayen wata shida ya tafi a banza, kuma takarda za ta ce ba ta fito ba. Bai kamata makomar ɗan wasa ta rataya a kan ko an yi sa'ar jami'i mai lura ba. Dokokinku sun riga sun yarda a taimaka wa ɗan T20 wajen saita abin dafa ƙafa a wurin tashi da alamar fara gudun tsalle in an nema a rubuce. Makaho yana shiga da ɗan jagora, mai keke ana yi masa gangara a maimakon matakala. To gangarar mai raunin fahimta ita ce magana mai sauƙi, da hoto a bango, da agogon da zai iya karantawa, da mutum ɗaya da ya sani wanda zai raka shi har bakin ƙofa. Wannan ba ya cin kuɗi, ba ya kuma ƙara wa kowa ko santimita ɗaya a jifa.

Sai masu lalurar Down, wato lalurar da ake haihuwar mutum da ita mai taɓa fahimta da jiki tare, waɗanda kusan babu su kwata-kwata a gasarku. A takarda ƙofar T20 a buɗe take gare su. A fili kuwa, yawancinsu suna ɗauke da ƙarin nauyi a jiki, kamar sanyin tsoka da gajarta, wasu da matsalar zuciya, sannan a ce su yi tsere da wanda jikinsa bai da cikas ko kaɗan. Kun raba masu matsalar gani gida uku, kun raba masu keke gida-gida, domin ku da kanku kun yarda ba adalci ba ne a haɗa wanda ba ya gani sam da mai ɗan gani. Amma duk masu raunin fahimta na duniya kun zuba su a rukuni ɗaya. Virtus ta riga ta nuna hanya: ta ware rukuni na biyu ga masu Down da makamantansu, na uku ga masu lalurar otizim, wadda ke shafar yadda mutum yake magana da cuɗanya da mutane, kuma an fafata a haka a babbar gasarta ta birnin Vishi na Faransa a 2023. Akwai 'yan wasan, akwai lokutansu a rubuce. A filin da ƙanwata ke atisaye akwai wani yaro mai Down da ba ya fashin ko rana ɗaya, shi ke fara zuwa, kuma mahaifiyarsa ta taɓa tambaya ta ina ne ƙarshen hanyar nan da ɗanta yake bi. Na rasa amsar da zan ba ta.

Na san abin da za a ce. Za a ce ai suna da Special Olympics. Ina girmama wannan gasa da Eunice Kennedy Shriver ta faro a Shikago a 1968, ta canza rayuwar iyalai masu yawa, har da namu. Amma manufarta daban ce: a can ana haɗa kowa da sa'anninsa a ƙarfi domin kowa ya samu shiga. Barbara ba shiga kawai take nema ba, so take a san wa ya fi kowa gudu a duniya, kuma wurin wannan tambayar naku ne. Za a ce kuma gurbi ya yi kaɗan, 'yan wasa wajen 4,400 kawai gasar ke ɗauka, duk abin da aka ƙara wa wani an rage wa wani. Gaskiya ne, kuma ba na so a taɓa rabon kowa da wasa. Sai dai guraben da suka rasa lokacin da aka cire su a 2001 ba su dawo musu duka ba. Ƙara mita 100 da 800 ma ba lallai ya buƙaci sababbin mutane da yawa ba, domin da dama cikin masu dogon tsalle 'yan gudun gajeren zango ne, masu mita 1,500 kuma su ne masu 800.

Abin da ba a faɗa da baki, wanda nake jin shi ne a ƙasan komai, tsoro ne. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya yi tsalle. Na fahimci haka. Amma ku dubi yadda kuke yi da sauran rukunai. A Tokiyo an karɓe tagulla daga hannun wani mai jifan faifai na Indiya bayan masu tantancewa sun ce bai cancanci rukuninsa ba, daga baya aka dakatar da shi shekara biyu. Shi kaɗai aka hukunta, kuma haka ya dace. Babu wanda ya ce a kori duk masu jifa daga zaune. Rukuni ɗaya tak aka taɓa yi wa hukuncin gayya a tarihin Paralimpik, kuma shi ne rukunin da yau yake shan tantancewa hawa-hawa. Gasa huɗu ke nan tun dawowarsu. Sun ci jarrabawar, lokaci ya yi da za a daina kallon su da idon Sidni.

Roƙona, ranku ya daɗe, shi ne kafin a rufe jadawalin gasar Paralimpik ta 2032 da za a yi a Birisben ta Ostireliya ku mayar da mita 100 da 200 da 800 da tsallen sama ga rukunin T20, ku buɗe rukunin masu Down ko da da wasanni biyu ne a farko. Birisben ta karɓi babbar gasar Virtus a 2019, mutanen garin sun san waɗannan 'yan wasa, kuma a ƙasar ce, a Sidni, aka yi ɓarnar tun farko, ya dace a can a gyara. Ku kuma taimaka wa ƙasashen da ba su da isassun masana halayyar ɗan Adam da za su yi gwajin shiga, domin yaro da yawa ba gudu ne ya gagare shi ba, takardar shaida ce.

Akwai abu ɗaya da ba ya buƙatar kwamiti ko kasafin kuɗi. Ku fito fili ku ambaci sunayen waɗanda suka rasa Atina da Beijin ba da laifinsu ba, ku ce an zalunce su. Barbara ta dawo ta ɗauki zinare huɗu, shi ya sa muka san sunanta. Akwai waɗanda suke kan ganiyarsu a 2001 da ba su sake hawa layi ba, wasu sun tsufa, iyayen da suka riƙe musu agogo wasunsu sun rasu. Ba za a buga musu lambar gasar da ba su yi ba, amma suna da haƙƙin su ji daga bakinku, cikin kalmomi masu sauƙi da za su gane ba sai an fassara musu ba.

Na nuna wa ƙanwata tseren Barbara na Paris a waya, ta kalle shi sau uku. Ta tambaye ni ko wannan matar ma irinta ce, na ce irinki ce. Ta yi shiru, sannan ta ce to ita ma ana hana ta mita 200? Na ce mata zan rubuto in tambaya. Adireshin amsar shi ne jadawalin Birisben, kuma a shekarar za ta cika 29.

Naku cikin girmamawa,
Yayan wata 'yar tsere.